Daga Lifidin Barde Zuwa Tufan da Allura Ke Yi Ba Zare

 Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga tashar Matamaye zuwa Damagaram, ko zuwa Ɗan Barto bakin iyaka, ya taka wani irin tufa da ƙafarsa, ko da bai kula ba. Shi ne abin nan baƙi ko toka-toka, mai kama da bargo, da ke shimfiɗe a ƙasan mota da wurin zuba kaya na baya. In ka sami wanda ya tsufa ya yage, ɗauki ƙyallensa ka duba da kyau. Babu zaren tsaye, babu na kwance. Gashi ne kurum ya sarƙe da juna har ya zama shimfiɗa.

Mu dai abin da muka gada shi ne, kafin a sami tufa sai an gurje auduga, an shiɓe ta, mata sun kaɗa da mazari, sa'an nan masaƙi ya zauna yana jefa ƙoshiya. To, yaya aka yi aka sami tufa ba kaɗi ba saƙa? Wannan ita ce tambayar da za mu bi yau. Ingilishi suna ce wa irin wannan tufa felt, Faransawa feutre, Larabawa kuwa libdu. Mu a nan za mu kira shi marar saƙa. Mai karatu ya riƙe kalmar nan ta Larabci, don za mu sake gamuwa da ita a ƙofar fadar Damagaram.

Asalin abin

Sirrin yana jikin ulu, watau gashin tumakin ƙasashen sanyi. In aka sa silin ulu ɗaya a madubin likita mai ƙara girman abu, sai a ga jikinsa duk ɓamɓaroki ne kamar na kifi, sun kwanta suna fuskantar gefe guda. In aka shimfiɗa ulu, aka yayyafa masa ruwan zafi da sabulu, aka yi ta murza shi ana tattakawa, sai ɓamɓarokin nan su buɗe, kowane sili ya kutsa cikin ƴan'uwansa ya kasa komowa baya. Da haka sai ulun ya tsuke, ya yi kauri, ya kama kansa da kansa.

Makiyayan tsakiyar Asiya su ne gwanayen wannan sana'a tun zamanin da. Cikin 1949 wani masanin tarihi na Rasha, Sergei Rudenko, ya tone wani kabarin sarauta a wurin da ake kira Pazirik, cikin duwatsun Altai. Ƙanƙara ta rufe kayan kabarin ta hana su ruɓewa. A ciki aka sami wata shimfiɗa ta marar saƙa mai zane-zane, tsawonta ya haura mita 6, faɗinta ya haura mita 4, shekarunta kuma sun fi 2,200. Tana nan ajiye a gidan tarihi na birnin Petersburg. Har wa yau makiyayan Mangoliya da irin wannan tufa suke rufe bukkokinsu, don yana tare sanyi, yana tare iska. Turkawa da Farisawa da Larabawa kuma suka riƙa yin huluna da shi, da shimfiɗun zama, da abin ɗorawa a bayan doki kafin a ɗaura sirdi, don kada sirdin ya yi masa miki.

Suna ya zo, ulu bai zo ba

To, me ya hana kakanninmu yin wannan sana'a, alhali kuwa sun iya jima, sun iya rini, sun iya saƙa? Amsar tana cikin garke. Tumakinmu, ko uda, ko balami, ko ƴar ƙasa, gashi gare su gajere mai kauri irin na akuya, ba ya kama juna ko an kwana ana murzawa. Tumaki masu ulu a yammacin Afirka an fi samunsu can bakin kogin Kwara, musamman ƙasar Masina ta Mali, kuma su ma Fulanin wurin saƙa ulun suke yi, su fid da barguna. Auduga kuwa ba ta da ɓamɓaroki, balle audugar rimi mai santsi.

Amma an ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Masana harshe sun nuna cewa kalmar lifidi daga libdu ta fito. Watau sunan ya ƙetaro hamada ya iso mana, mu kuwa muka yi masa jiki da abin da muke da shi. Sai maɗinka suka ɗauki ƙyalle biyu na saƙi, suka cusa audugar rimi ko ta gona a tsakani, suka bi da allura da zare layi-layi, don kada audugar ta taru wuri guda. Aka yi wa doki riga tun daga wuya har gwiwa, aka yi wa mahayinsa tasa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda aka ƙiyasta ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a Kano.

Kada mai karatu ya raina rigar auduga. Babban abin tsoro a yaƙin da shi ne kibiya mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi wa doki ya isa. In ta faɗa kan lifidi sai ta nutse cikin auduga, ƙarfinta ya mutu kafin ta kai ga fata. Saboda haka ƴan lifida su ne kan gaba wajen fasa rundunar maharba, su ne kuma ke kewaye sarki. Sai dai kowane gwani da nasa cikas. Lifidi yana da nauyi, yana da zafi, dokin da ya ɗauke shi ba ya doguwar sukuwa, barden da ya faɗo kuma da ƙyar yake tashi in ba a kama shi ba. Ga shi kuma ba ya shiri da wuta, shi ya sa abokan gaba kan harbo kibau masu wuta.

Cikin ƙarni na 19, lokacin da ƙasar Kance, wadda Matamaye ke cikinta, ta shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, dawaki su ne ƙarfin sarauta. Sarki Tanimun, wanda ya rasu cikin 1884, ya kewaye birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har ya sa maƙera suna zuba igwa ana haɗa albarushi a gida. Duk da haka ba a ajiye lifidi ba. Sarki Amadu Kuran Daga da dawaki ya kai yaƙi ƙasar Kano, aka gwabza a Gezawa cikin 1898. Amma cikin watan Yuli na 1899, da rundunarsa ta tari sojan Faransa a Tirmini, sai aka ga abin da ba a saba gani ba. Harsashin bindigar zamani ba ruwansa da auduga. Daga baya aikin lifidi na yaƙi ya ƙare, ya koma kayan ado na hawan salla.

Jar dara da ayarin Tarabulus

Marar saƙa na ainihi, ko ɗan'uwansa na kusa, ya shigo ƙasarmu a bayan raƙumi. Ayari kan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat, ya ratsa Abzin da Damargu, ya sauka a Zangon Damagaram, unguwar fatake inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna. Daga nan kaya su gangara Kano. Abin da ake kawowa ya haɗa da takarda, da alharini, da alkyabba, da jan mulufi na ulu, da jar dara. Abin da ake komawa da shi kuwa fatu ne, da gashin jimina, da hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba in muna ba da tarihi.

Ita dara a birnin Tunis aka shahara da yin ta, musamman bayan da Musulmin Andalus da aka koro daga Sifen tun daga 1609 suka zauna a can da sana'arsu. Mata kan saƙa wata ƙatuwar farar hula ta ulu, sakwa-sakwa, wadda ta fi ƙarfin kan kowa. Sai a kai ta wani wuri da ake kira Batan a bakin kogi, a yi ta bugu cikin ruwan zafi da sabulu har ta tsuke ta dawo daidai kai, idon saƙar ya ɓace sarai. Sa'an nan a taje ta, a rina ta ja, a ɗora ta a kan ma'auni ta bushe. Daga baya masana'antun garin Strakonice na ƙasar Cek suka shiga yin irinta da inji, suna aikowa Afirka ta jirgin ruwa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, kayan Turai suka riƙa hawowa daga bakin teku da araha, sai ayarin Tarabulus ya mutu. Dara dai ta zauna, har gobe tana kan dattawa da ƙarƙashin rawunan sarakai.

Injin allura

Yanzu sai mu ƙetara Ingila. Cikin ƙarni na 19 masaƙun ƙasar sun cika da tarkace: guntayen zare, tsummoki, gashin dabbobi, da tsofaffin buhunan algarara. Yawancin wannan tarkace ba ulu ba ne, ba ya kama juna da ruwa da sabulu. Ashe matsalarsu ita ce irin wadda ta sami maɗinkan lifidi: ga abu mai laushi a hannu, yaya za a sa shi ya zauna wuri guda? Namu suka ɗaure shi da zare tsakanin ƙyalle biyu. Su kuwa suka nemi hanyar da allura za ta yi aikin ita kaɗai. Cikin 1889 kamfanin William Bywater na birnin Leeds ya fitar da injin allura na sayarwa, wanda ake lissafa shi na farko a wannan sana'a.

Allurar wannan inji ba ta da kafa, don ba a zura mata zare. Tsawonta kamar na ɗan yatsa ne, jikinta kusurwa uku, kowace kusurwa an yi mata ƴan tsage-tsage masu kama da ƙaya. Maharba sun san kunnen kibiya, wanda ke kallon baya don kibiya ta shiga ta ƙi fita. To, ƙayar wannan allura akasin haka take, gaba take kallo. In allura ta nutsa sai ta kwashi silin gashi daga sama ta tura shi ƙasa. In ta komo sai ta fito salin-alin, ta bar shi can a tsaye, ya ɗaure na sama da na ƙasa. Wanda ƙarangiya ta taɓa kama masa wando ya san yadda ƙaramar ƙaya ke riƙe zare.

Ga yadda aikin ke tafiya a masana'anta. Da fari a kwance dilar gashi a warware ta. Sai wani inji mai haƙoran waya ya taje ta, kamar yadda mata ke shiɓar auduga da baka, ta fito shara-shara kamar yanar gizo. Wani injin kuma ya riƙa ninka wannan yana, hawa kan hawa, har ta yi tudu kamar katifa. Daga nan ta wuce tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu huda-huda. A samansu akwai allo mai ɗauke da allurai dubbai, yana hawa yana sauka. Injunan zamani sukan yi suka fiye da 1,000 cikin minti ɗaya. Abin da ya shiga da kaurin katifa sai ya fito da kaurin bargo ko tabarma, a naɗe shi. In ana son mai laushi a rage suka, in ana son mai tauri kamar kirgi a ƙara. Ba ruwa, ba sabulu, ba zare. Saƙa ta zama suka.

Shekaru da yawa wannan tufa bai wuce kayan cushe ba: cikin katifa, cikin kujera, ƙarƙashin darduma. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne zaren roba da masana suka haɗa daga man fetur da kwal. An gano nailan a Amurka cikin 1935, foliyesta a Ingila cikin 1941, folifurofilin kuma a Italiya cikin 1954. Waɗannan ba sa ruɓewa, gara ba ta cin su, amma santsi gare su, ba sa kama juna. Injin allura kuwa bai damu da wannan ba, duk abin da aka ba shi sukarsa yake. Kamfanonin Jamus da Ostiriya, irin su Dilo da Fehrer, suka ƙware wajen ƙera injunan, kamfanin Groz-Beckert kuma wajen allurai.

Ina ake amfani da shi?

Na farko, tacewa. Tufan da aka saƙa idanunsa a jere suke, abin da ya fi ido ƙanƙanta ya wuce. Shi kuwa marar saƙa hanyoyin cikinsa a murɗe suke, iska ko ruwa ya wuce, ƙura ta maƙale. Don haka masana'antun siminti na zamani ke rataye dogayen jakunkuna nasa ɗaruruwa a hanyar hayaƙi, su kama ƙurar da da za ta sauka a gonaki da huhun mutane. Duk mai zama kusa da gidan siminti, kamar na Malbaza ko na Sakkwato, ya san darajar abin da zai tare ƙura. Haka kuma ana tace mai da shi, da fenti, da ruwan masana'anta.

Na biyu, aikin hanya da madatsar ruwa. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya fito da wani irinsa na foliyesta mai suna Bidim. Cikin 1970 aka sa shi cikin madatsar ruwa ta Valcros a kudancin Faransa, bisa shawarar wani injiniya, Jean-Pierre Giroud, wanda cikin 1977 ya raɗa wa irin waɗannan tufafi sunan da ma'anarsa ita ce tufan ƙasa. Amfaninsa a fili yake. In aka zuba tsakuwa a kan laka ko yashi, mota ta yi ta bi, sai tsakuwar ta nutse, laka ta hau, kwalta ta farfashe. In an shimfiɗa wannan tufa a tsakani, kowa ya tsaya a matsayinsa, ruwa ya tsiyaye ya wuce ba tare da ya kwashi ƙasa ba. Ana sa shi ƙarƙashin duwatsun da ake jerawa bakin gada, da ƙarƙashin hanyar jirgin ƙasa, da ƙarƙashin ledar da ake shimfiɗa wa tafkin ajiyar ruwa don kada dutse ya huda ta.

Na uku, mota da gida. Ban da shimfiɗar da muka fara da ita, akwai shi a rufin mota da cikin ƙofofinta, yana rage ƙara da zafi. Akwai shi cikin takalmi, da katifa, da fatar roba, da jar shimfiɗar nan da ake yi wa manyan baƙi ranar taro. Da yawa daga barguna masu ruwan toka da ake raba wa waɗanda ambaliya ko yaƙi ya kora, tsummoki ne aka yayyaga aka soke da allura. Kai, har jirgin sama jannati na Amurka da ya fara tashi cikin 1981 ya yi aiki har 2011, a kan irin wannan tufa mai jure wuta aka manna tubalan da ke kare shi daga zafi. Ga lifidi ya hau sama.

Sai dai a lura da abu biyu. Takunkumin hanci da muka sha ɗaurawa cikin 2020, da ƙunzugun jarirai na kanti, su ma marasa saƙa ne, amma da zafi ake manne su, ba dangin allura ba ne. Sa'an nan na roba yana da maƙiya biyu, rana da wuta. In aka bar shi a fili wata da watanni sai ya rududduge, in ya ji garwashi sai ya narke. Wanda ya ga ma'aikatan hanya sun shimfiɗa shi, kada ya yanka ya kai gida don shimfiɗa ko rufin rumfa. Riba kaɗan zai samu, hanyar kuwa ta kowa ce, damina ɗaya ta isa ta tona asiri.

Mu fa?

Matamaye ta san masana'anta. Tun cikin shekarun 1950 aka kafa injin matsar man gyaɗa a garin, cikin 1962 kuma gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗa da fitar da ita. Dattawa suna tune da dalar buhuna da layin manyan motoci. Buhunan nan na algarara daga ƙasashen waje ake kawo su, haka ma tufan da injin mai ke tace mai da shi. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya cikin 1975, sai noman ya karye, injin ya daɗe da yin shiru. Masaƙun zamani ma ba su tsira ba: ta Yamai ta sha sauya suna da masu ita, ta UNTL a Kaduna, wadda ta fi kowace girma a yankin, ta rufe cikin 2007. Masaƙan gargajiya kuwa, a ƙirga su a kasuwa a gani ko sun cika yatsun hannu.

Abin da ya kamata mu yi tunani a kai shi ne, abincin injin allura yana zube a ƙofar gidajenmu. Goran ruwa na roba da ke toshe mana magudanu, foliyesta ne, a wasu ƙasashe niƙa shi ake yi a narkar a ja zare a soke. Ragowar gwanjo da guntayen teloli, su ne bargon agaji. Ramar da muke shukawa a gefen gona don kwaɗo da igiya, kamfanonin mota suna soke zarenta su yi allon cikin ƙofa da shi. A gefe guda kuma ga koramunmu na rake da kayan lambu yashi yana cinye su, ga zaizayar ƙasa tana yanke hanyoyi kowace damina, ga tufan da zai taimaka sai an sayo shi da tsada daga nesa.

Ba mu ce abin mai sauƙi ne ba. Inji yana son jari, yana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa, yana son makaniki da ya san shi, yana son kasuwa tabbatacciya. Amma ba a fara gini daga sama. Matakin farko shi ne sani, don rashin sani ya fi dare duhu. Yaron da ya iya karatu da lissafi shi zai karanta takardar inji, ƙungiyar da ta iya riƙe littafin kuɗi ita za a ba bashi. Mataki na biyu shi ne mu daina ƙona abin da wasu ke saye.

Sa'an nan kada mu bar na gida ya ɓace. In akwai tsoho a garinku da ya iya ɗinkin lifidi, ko cushen sirdi, ko akumarin jaki, ku je ku zauna da shi. Ku tambaye shi sunan kowane yanki, da yawan audugar da ake sawa, da tazarar da ake bari tsakanin layi da layi. Ku rubuta da hannunku, ku kawo wa malamin ajinku na yaƙi da jahilci, a karanta wa kowa. Mutanen da suka ji sunan abu daga bakin fatake, suka rasa ulu, suka ɗinka nasu da audugar rimi har ya tare kibiya shekara ɗari biyar, jikokinsu ba za su kasa koyon aikin allura ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana sani mai amfani. Amin.